Wace ƙaramar dabba zan saya wa yara wadda ba za ta cinye aljihu ba?

Jiya a majalisa Maman Iman ta kawo wannan tambayar, kowa ya tofa nashi, to ga abin da na tsinta.

Yawanci zomo suka zaɓa, wai ba tsada kuma abincinsa na nan kusa, harawa, ciyawa, ganyen dankalin Hausa, ɗan dusa. Amma fa zomo baya son zafi ko kaɗan, lokacin bazara in ka bar kejinsa a rana zaka tarar yana haki kunnuwa sun yi zafi, a inuwa ake ajiyewa da ruwa mai tsafta kullum. Kuma don Allah a hana yara ɗaga shi ta kunne, ciwo yake ji, a tallafo ƙasansa. In ka haɗa mace da namiji ka shirya, cikinta wajen kwana 31 ne kawai, kafin ka ankara gida ya cika.

Tantabara ma ta samu ƙuri'a, gero da dawa sun ishe ta, ƙwai 2 take yi ta ƙyanƙyashe cikin kwana 18 haka, sai dai a kulle sababbi su saba da gida tukunna in ba haka ba su koma inda suka fito.

Mage kuwa kyauta ake samu a unguwa, ni dai na fi karkata nan, amma a kai ta wurin likitan dabbobi ayi mata allurar rigakafi da maganin tsutsar ciki.