Mijina yana Abyei, kiransa ya yi ƙaranci, me zan yi?

Assalamu alaikum 'yan uwa, a ɓoye sunana. Mijina kofur ne. Bayan horon da suka yi a Jaji aka tura su Abyei, yankin da Sudan da Sudan ta Kudu ke taƙaddama a kai, cikin rundunar kiyaye zaman lafiya ta Majalisar Ɗinkin Duniya. Yau wata huɗu ke nan. Da farko kullum sai mun yi waya, yanzu sai a yi kwana uku huɗu ban ji shi ba, in ya kira ma muryarsa a gajiye, minti biyu ya ce zai koma bakin aiki. Ni da aka ce min ba fagen yaƙi ba ne, wane aiki ne haka? Ga dangi sun sa ni a gaba, wai yana can yana kwasar dala. Zuciyata ta fara raya min abubuwa. Don Allah wanda ya san aikin nan ya ba ni shawara.

Tsohon saje, wanda ya yi Darfur:
'Yata, ki kwantar da hankalinki. Na sa shuɗiyar hular nan, na san abin da yake ciki. Kafin gari ya waye an tashi, a yi sallah, a fito fareti a ƙirga mutane, a duba bindiga da mota da rediyo. Daga nan kowa ya kama wurinsa: wani bakin ƙofa yana binciken motoci, wani saman hasumiya, wani rakiyar ayari. Gadin dare shi ne mai cin rai. Kana tsaye da rigar sulke da hular kwano, zufa na bin bayanka, sauro na kuka a kunnenka, ba a yarda ka taɓa waya ba balle ka runtsa. In aka karɓe ka, ko takalmi ba ka iya cirewa sai barci. Wallahi sau da yawa na riƙe waya zan kira uwar 'ya'yana, sai dai in farka in gan ta a kan ƙirjina.

Wani soja da ya dawo daga can:
Hajiya, ki ƙara da damina. Ƙasar Abyei baƙar laka ce, daga wajen Yuni zuwa Oktoba hanya takan zama taɓo, mota ta kafe a kwana ana ja, wani wurin sai jirgi mai saukar ungulu. Hadari na tasowa sabis ya ɗauke. Da rani kuma makiyayan Misseriya suna gangarowa kudu da shanu neman ruwa, ta yankin 'yan Ngok Dinka, to lokacin ake ƙara tsaro, har wajen kasuwar Amiet. Rundunar tana wurin tun 2011, kuma ba a banza take zaune ba. Wani abu: kada ki riƙa tambayarsa ina za su fita, yaushe za su dawo. An hana faɗin wannan a waya, shirunsa a kai ba ɓoye-ɓoye ba ne.

Matar soja, shekara 16 a bariki:
Ƙanwata, ni abin da ya cece ni saƙon murya. Ki daina jiran sai ya ɗaga. Ki tura masa muryarki da ta yara, ki ba shi labarin gida ko da na akuyar da ta haihu ne, in ya sami sarari zai saurara. Ku tsayar da rana ɗaya a mako ta doguwar hira, ki tuna agogonsu ya riga namu da awa ɗaya. Kuma ki riƙa tuna masa maganin zazzaɓin cizon sauro da gidan sauro, mazan nan sakaci gare su.

Maganar dala kuwa, Majalisar ba hannunsa take danƙa wa kuɗin ba, gwamnati take tura wa, abin da yake karɓa kai tsaye a can bai kai dala 2 a rana ba. Alawus ɗinsa ta hannun rundunarsu yake biyowa, kuma yakan yi jinkiri. Ki ce ya kira mahaifiyarsa ya yi mata bayani da bakinsa, kada ki zama ke ce mai hanawa a idon dangi.

Wata uwa:
'Yar nan, zargi shi ne bai kamata ki bari ya zauna miki ba. In abin ya dame ki, ki gaya masa cikin lalama kin yi kewarsa, ba da tuhuma ba. Allah ya dawo miki da shi lafiya.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba saje, da na karanta naka sai da na yi hawaye. Yanzu na sa yaran sun yi masa saƙon murya, ƙaramin har da karatun Fatiha. Ya nuna bai shiga ba tukuna, zan jira.