Yadda za a karanta littafin Albert Speer

A wata tattaunawa kan yadda za a karanta littafin da Albert Speer ya rubuta kan rayuwarsa, shawarar da aka fi nanatawa ita ce a fara tambayar wane laifi marubucin ke son wankewa. Speer, ministan makaman Hitler, ya fitar da littafinsa a 1969, bayan ya kammala hukuncin ɗaurin shekara 20, mafi yawansu a kurkukun Spandau, yana cewa bai san ana hallaka Yahudawa ba. Amma a wata wasiƙa ta 1971 ya amsa cewa yana zaune a wani taro a birnin Posen, a 1943, lokacin da Himmler, shugaban dakarun SS na Hitler, ya faɗi maganar hallaka Yahudawa ƙarara. Abin ya dame ni ƙwarai, domin jama'a da yawa sun gaskata shi.

Wasu sun ce kada a yar da littafin, yana nuna zaman fadar Hitler. Sai dai duk inda ya kare kansa, a gwada da takardun ofishinsa da shaidar waɗanda aka sa aikin dole a masana'antun makaman da ke ƙarƙashinsa.