Ta ɗauki adashi ta daina zubi, yaya za a yi mata magana?

Maman Alheri: Salama gare ku. Tambayata a kan adashin zumuntar mata ce. Mace ta ɗauki nata a zagaye na biyu, yau mako uku ba ta yi zubi ba, sauran mata tara suna jira. An ce a yi haƙuri, an kuma ce a faɗi gaskiya. Uwar adashi ta bi wanne?

Dattijon Ikilisiya: Duka biyun, Mama, amma bi da bi. Matiyu 18:15-17 ya shimfiɗa matakai uku, na farkon kuwa daga ke sai ita. Ba a bakin ƙofar coci bayan sujada ba, ba kuma a rukunin WhatsApp ba, domin wanda aka kunyata a gaban jama'a mutuncinsa zai tsaya karewa, maganar kuɗi ta bi ruwa. A same ta a gida da yamma, bayan an sauke tukunya. A gama gaisuwa, sannan a ce, "Lafiya kuwa? Mun ji ki shiru." Daga nan a kama baki har ta kai aya. Karin Magana 18:13 ya kira amsawa kafin a ji wauta da abin kunya, kuma sau da yawa a nan ne maganar rashin lafiyar yaro ko kuɗin makaranta take fitowa. Sai a kawo lissafi: "Zubi uku ne, naira 2,000 kowanne, 6,000 ke nan. Nawa za ki iya kawowa ran Lahadi?" Lissafi ba zagi ba ne. Abin da ke ɓata zama shi ne "kullum haka kike", don an bar bashin an koma kan halinta.

Malamar Sande Sukul: Baba ya gama da mai bashin, saura matan nan tara, su ne wutar. Karin Magana 26:20 ya ce in ba itace wuta takan mutu, in ba mai tsegumi faɗa yakan kwanta. Duk wadda ta tambaya a ce mata, "Mun yi magana, mun tsai da rana," shi ke nan. A kuma yi hattara da "mu sa wance a addu'a" a taron Talata, tsegumi ne ya yafa mayafi.

Ma'ajin Zumunta: Ni dai kada a mai da haƙuri ya zama shiru. Uwar adashin da ta haɗiye magana wata biyu, ranar da ta fashe sai ta haɗa har da laifin bara. Afisawa 4:26 bai hana fushi ba, kwana da shi ya hana. Amma in rai na tafasa, kada a tura saƙon murya, in an riga an ji shi ba ya janyuwa. A rubuta ranar da aka tsayar a littafin adashi a gabanta. In ta wuce mako guda ba labari, sai mataki na biyu, a je mata da mutum ɗaya ko biyu, waɗanda take ganin girmansu, ba masu jiran ɗauka ba.

Maman Alheri: Na gode. In aka je mu biyu, wa zai fara magana?

Dattijon Ikilisiya: Ke, Mama, da lissafin nan dai. Ta biyun shaida ce, ta saurara kawai sai in an tambaye ta.