Musayar waƙa: da kuɗina nake shan wulaƙanci

Ɗan Fagge:
Salamu alaikum jama'a. Shekaranjiya na shiga kasuwar Kwari ta Kano sayen shaddar sallah, abin da ya same ni a wani shago (ba zan faɗi layin ba balle sunan mai shi) wlh har yanzu yana cina, matata ta ce in bar wa Allah, na ce toh na bari amma sai na rera tukunna ko na huce. Amsa-amon "ki" ne, mai amsawa ya riƙe.

Na doshi Kwari da hantsi,
Da guzurina na zo ciniki.

Na yi sallama har sau uku,
Yaron shago ya hana ni baki.

Waya a hannu, igiya a kunne,
Yana ta dariya kamar a gidan biki.

Na ce shaddar nan nawa yadi?
Ya ɗago ya dube ni ya ja tsaki.

Wai "in ba saya za ka yi ba Malam,
Kar ka sa ni sauke kaya, ina aiki."

Na taya, ko albarka bai ce ba,
Ya mai da ido kan waya, abin mamaki.

Na daure na ce yanko yadi biyar,
Na tura kuɗi suka fita a banki.

Ya ce alat bai shigo ba tukun,
Awa biyu ina tsaye a rana kamar jaki.

Ga benci an ɗora masa dila,
Ko "zauna" babu, balle ruwan kirki.

Na kai wa tela ya sa tef ya auna,
Huɗu da rabi, ya ƙirga min daki-daki.

Jiya na koma ya nuna min kwali,
"Kaya in ya fita ya fita." Nan na ja birki.

Maman Ilham:
Kai sannu ɗan'uwa. Kai ai ka ma ga fuskar wanda ya cuce ka, ni tawa ko kamanninta ban sani ba.

Ɗan Fagge sannu da shan rana,
Naka wasa ne, matso ka ji aiki.

Wata na gani tana talla a WhatsApp,
Leshi mai duwatsu, wai na fitar biki.

Kafin in biya "Hajiyata, Hajiyata",
Baki kamar zuma, ka ce ta kirki.

Ina turawa aka daina ɗagawa,
Ta karanta saƙo ta kulle baki.

Sai bayan sati uku ɗan sahu ya kawo,
Kuɗin motar ma ni na biya, ina tsaki.

Na buɗe leda na ga wani abu,
A hoto ja ne, a hannu kalar kaki.

Na ce ba shi ba ne, ta ce "hasken waya ne",
Ta danna min blokin ta shige ɗaki.

Yaron Kwari:
Toh ni yaron shago ne shekara shida kenan, kuma ba ni ba ne na shekaranjiya kafin a fara jifa. Ba na kare wanda ba ya amsa sallama, wannan rashin tarbiyya ne tun daga gida, amma ku ma kwastomomi kuna da naku kuma ba mai faɗa muku saboda ana tsoron kar ku gudu. Kun cinye "ki" ɗin duka, ni na koma "ya".

Kun faɗi naku mun saurara,
Ku tsaya ku ji ta mai jiran kaya.

Bakwai na safe nake buɗe ƙofa,
Ban karya ba har rana ta kai tsakiya.

Mutum ya sa ka sauke turmi ashirin,
Ya shafa, ya ƙanƙance ido, ya taya,

Tayin ko kuɗin sari bai kai ba,
Ya ce "bari in zaga", ya juya baya.

Wa zai ninke? Ni zan ninke,
Maigida ya zo ya ce wai ni ne ban iya.

Batun alat kuwa ku yi mana uzuri,
An sha nuna mana risit na ƙarya.

A 2023 da aka canja kuɗi,
Takarda ta ɓace kamar ta faɗa rijiya,

Wani ya kwashi atamfa turmi huɗu,
Ya haska min shaidar turawa a waya,

Har yau alat ɗin bai iso ba,
A kuɗin aikina aka cire, wata uku ina biya.

Tun ranar in ban ji ƙarar shigowa ba,
Ko kawuna ne ba ya fita da kaya.

Ɗan Fagge:
Na ji ka ƙanena, kuma wlh ka ban tausayi.

Na yarda da batun alat,
Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya ja baya.

Amma alat ne ya hana shi amsa sallama?
Ko netwok ne ya cinye rabin yadi a hanya?

Da ya ce "Yaya zauna, yanzu zai shigo",
Ko awa uku ne zan jira ina dariya.

Baba Tela:
Yara ku matsa tsoho ya sa baki. Ni a bakin Kurmi na tashi, kasuwar da take ci tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, kuma kafin in koyi keke sai da na yi yaron rumfa, don haka abin da zan faɗa da idona na gani. Da ana cewa shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, yanzu kuwa ba fuskar ba tabarmar. Ni ƙwar huɗu na iya, wato baiti mai layi huɗu.

Na tashi a bakin Kurmi yaro,
Maigidana kan ajiye goro,
Baƙo ya ci ba ya jin tsoro,
Ko bai sayi komai a kasuwa.

Randa na nan da moɗa a kai,
Ka sha ruwa ka zauna kawai,
Ka taya kaɗan a ce "albarka dai,
Ƙaro kaɗan, ai ba ma rabuwa."

In an sallama sai a yi gyara,
Ba ka roƙa ba za a ƙara,
Ba wanda ke kai wani ƙara,
Mudu a cika shi da tsororuwa.

Yau shago ya sha gilas da fanka,
Fuskar mai shi kamar zai yanka,
Kai da kuɗinka kake jin shakka,
Kamar ka zo roƙon bashin dawa.

Maman Ilham:
Baba Allah ya ƙara girma, waƙa ta yi daɗi, amma dan Allah a ce tela ne yake mana wa'azin kyautata wa kwastoma? Ka yi haƙuri yau sai na faɗa.

Baba da girmanka zan yi magana,
Ɗinkin yarana tun watan Sha'abana,
"Gobe in sha Allahu" kowace rana,
Daren sallah na sami telan yana yankawa.

Ya ce ba wuta, ya ce mai ya hau,
Yaron aikinsa bai zo ba yau,
Rigar da ya miƙo wuya ba kyau,
Ilham ta je idi da tsohuwa.

Baba Tela:
Hhh 'yar nan kin kama ni a hannu.

'Yata kin faɗi, ba ni musu,
Teloli kwaɗayi ke kashe su,
Su karɓi ɗari, talatin ƙarfinsu,
Sauran sai "gobe" da rantsuwa.

Sai dai ku ma masu kawo ɗinki,
Ashirin da bakwai ga azumi ku taho da aiki,
In na ce a'a ku ce ba ni da kirki,
In na karɓa ku ce na cika saɓawa.

Ɗan Damagaram:
Gaisuwa daga ƙetaren iyaka. Kar ku zata ku kaɗai ne.

Daga Damagaram nake gaishe ku,
Ciwon nan har nan ya zo, ba magani.

A kasuwar Dole ka miƙa jikka,
A ce ba canji, ka tsaya wuni,

Ko a cike maka da alawa biyu,
Wadda ba ka ce kana so ba, tsabar raini.

In na zo Kano sari kuwa,
Da an ji harshena sai a sake tunani,

Kuɗin da aka faɗa wa na gabana,
Ni sai a ɗora, wai baƙo ina ya sani.

Malam na Zaure:
Ni ba mawaƙi ba ne sosai amma kwalin nan na "in ya fita ya fita" ya tsaya min a rai. A fiƙihu mai saye yana da zaɓin mai da kaya in ya tarar da aibin da aka ɓoye masa, haka dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018 wadda ta kafa hukumar FCCPC ta ba shi damar mai da kayan da ya lalace ko wanda ba shi aka siffanta masa ba, mutanenmu ne dai ba sa bin kadi, kowa sai ya ce Allah ya isa ya wuce. Na ari amsa-amon ɗan'uwanmu na Damagaram.

Rabin yadin nan ba ƙaramin abu ba ne,
Sura guda aka sa wa sunan masu tauye ma'auni.

Kwalin da ya rataya ba aya ba ne,
Alƙalami ne da kwali, ba hukunci ba ne na addini.

A Buhari an roƙa wa mai sauƙi rahama,
In ya sayar, in ya saya, in ya bi bashin wani.

Kun ga har da mai sayen a ciki,
Mai sa a sauke turmi ashirin, kai ma ka yi tunani.

Yaron Kwari:
Allah ya saka Malam, aƙalla an taɓo su su ma. Yaya Ɗan Fagge ka turo min layin a gefe, kowane layi da dattawansa kuma ba sa son irin wannan don sunan kowa yake ɓatawa, in dai tela bai sa almakashi ba ka zo da shaddar da shaidar turawa mu je tare, ni zan fara yi masa magana.

Ɗan Fagge:
Na gode ƙanena, sai dai kash,
Telan ya riga ya yanke wuya.

Baba Tela:
Huɗu da rabi ai ba a jefarwa. In ba ka cika tumbi ba zan fitar maka da jamfa da wando, hannun ne kawai zai ɗan ɗage. Karɓo ka kawo min.

Maman Ilham:
Ɗan Fagge kar ka kai masa wlh, sai babbar sallah za ka ga rigar nan. Baba in ya kawo yau yaushe zai karɓa?

Baba Tela:
Gobe in sha Allahu.