Jirgin da mutum ke haɗa wa kansa a gareji: me za mu kira shi?

1/ 'Yan uwa masu sha'awar harkar jiragen sama, ga wata kalma da ya kamata mu tsayar. Akwai ƙaramin jirgin da Turawa ke kira kit aircraft: kamfani ya zana shi, ya yanka sassansa, ya aiko wa mai saye a akwatuna, shi kuma ya haɗa abinsa da hannunsa. Na ga wasu suna rubuta "jirgi ƙirar gida". Ni ban gamsu da wannan suna ba.

2/ Bahaushe idan ya ji "ƙirar gida", abin da ke zuwa masa shi ne aikin ƙiyasi, wanda aka yi da abin da ya samu. Waɗannan jiragen ba haka suke ba ko kaɗan. Richard VanGrunsven, injiniyan da ya kafa kamfanin Van's Aircraft a jihar Oregon ta Amurka, ya fara da RV-3 mai kujera ɗaya a farkon shekarun 1970, kuma yau jiragen RV da mutane suka haɗa suka tashi da su sun haura 10,000. A sababbin akwatunan, farantan alminiyam suna zuwa an riga an huda su da na'ura, rami ya dace da rami. Mai haɗawa zai saka maƙalai ya riƙe faranti biyu, ya goge bakin kowane rami don kada ya tsage daga baya, sannan ya matse ƙusa. Haka zai yi sau dubbai kafin fiffike ya zama fiffike. Yawanci daga wutsiya ake farawa, domin idan hannu bai faɗa ba, nan ne asara ta fi sauƙi.

3/ "Jirgin gida" ma ba zai yiwu ba. Za a ɗauka jirgin da ke zirga-zirgar cikin ƙasa ake nufi.

4/ Shawarata: jirgin haɗa-da-kanka. Hausa ta saba raɗa wa abin hawa suna da jimla guda, kamar a-kori-kura da a-daidaita-sahu, don haka kunne ba zai ƙi shi ba. Abin da ya fi ja na gare shi kuwa, ya faɗi ainihin abin da doka ta rataya a kai. A Amurka, hukumar kula da harkar jiragen sama, wato FAA, ba ta ba jirgi takardar wannan rukuni sai an nuna cewa masu sha'awa ne suka yi mafi yawan aikin, don koyo ko nishaɗi. Shi ne ake ce wa dokar kashi 51. Idan kamfani ya yi maka fiye da rabi, ka fita daga rukunin. Kuma ko an gama, sai an yi gwajin tashi, galibi na awa 25 ko 40 a wani yanki da aka keɓe, kafin a ɗauki fasinja. Kuma ba a yin haya da shi.

5/ Wani zai ce to ai "ƙira" ta fi "haɗi" girmama mai aikin. Ina jin wannan. Amma mu ajiye "ƙirar hannu" ga wani rukuni da ya cancance ta: masu sayen zane kawai. Injiniya Burt Rutan na Amurka ya fito da jirgin VariEze a 1975, sai Long-EZ bayansa, kuma takardun zane ya riƙa sayarwa. Mutum ne zai yanka soso da waya mai zafi ya fitar da siffar fiffike, ya lulluɓe shi da zaren gilashi da ƙaro. Wannan ƙira ce ta gaske. Da jirgin Glasair ya bayyana a taron baje kolin jiragen sama na Oshkosh a Amurka a 1980 da gangar jiki da aka riga aka zuba a mazubi, sai aikin ya koma haɗi. Idan muka kira su duka da suna ɗaya, mun shafe wannan tarihin.

6/ Saura sunan masu ƙarfi daga cikin waɗannan jiragen, waɗanda Turawa ke ce wa high-performance. "Mai gudu" ya yi kaɗan, tunda a dokar Amurka ma'aunin shi ne inji mai ƙarfin doki sama da 200, kuma sai malami ya sa wa matuƙi hannu kafin ya tuƙa irinsa. Tunda da doki ake auna shi, ni "ingarma" nake so. Ku dubi jirgin Lancair IV-P da Lance Neibauer ya zana: kujera huɗu, inji mai ƙarfin doki 350, ɗakin matuƙi mai riƙe iska, yana haura kilomita 500 a awa a can sama da ƙafa 20,000. Fiffikensa siriri ne mai santsi, shi ya ba shi gudun, shi ne kuma ya sa ba ya yafe wa matuƙin da ya bari gudu ya ragu wajen sauka. Ingarma ke nan, ba kowa ke hawansa ba.

7/ Ke nan a rubutu sai mu ce "ingarman jirgin haɗa-da-kanka", akwatunan kuma "sassan haɗi". Matuƙa da injiniyoyinmu, musamman masu aiki da waɗannan kalmomi kullum, ku gwada su a baki ku gaya mini inda suka yi tuntuɓe.