Shawarwarin masu keke daga Tiga zuwa Riruwai

Da masu keke suka tattauna kan wannan tafiya a jihar Kano, akasarin waɗanda suka yi magana sun tsaya kan cewa lokacin da ya fi dacewa shi ne Nuwamba zuwa Janairu: rafuka sun ja, laka ta bushe, ga sanyin hunturu. Sabon shiga ya fara da gefen madatsar Tiga, ya bar duwatsun Riruwai tukuna. Gangarensu tsakuwa ce zalla, wanda ya damƙe birkin gaba kaɗai zai sha ƙasa. Ƙaya ba ta ƙyale tayar kowa, don haka faci, sholisho da famfo dole ne. In an haɗu da shanu a burtali, a sauka su wuce.

Kan dajin Falgore, da ke tsakanin Tiga da Riruwai, aka yi gardama. Ni dai ina bayan masu cewa kar a shiga sai an tuntuɓi mai unguwa da 'yan banga, kuma a tafi a ayari, da rana.