Muhawara: Sai Ana Tsoron Matiron Aikin Ɗaki Ke Tafiya Daidai?

Mai gudanarwa: Assalamu alaikum. Maganar da ta ta da ƙura ita ce ta Hajiya, inda ta ce ɗakin marasa lafiya ba ya gyaruwa sai nas-nas na tsoron shugabarsu. Wasu sun ce gaskiya ce tsagwaronta, wasu sun ce zamanin haka ya wuce. Bismillah. Kada dai a kama sunan asibiti ko na ma'aikaci.

Hajiya, matiron mai ritaya, Unguwar Sarki: Wa'alaikumus salam. Ban janye ko kalma ɗaya ba. Ku ɗauki ɗakin mata mai gado 30, nas biyu ke kwana. Akwai tsohuwar da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar, ana juya ta duk bayan awa biyu. An juya ta sha biyun dare. Me zai ta da nas ƙarfe biyu ta sake juya ta, alhali mai jinyarta ma ta yi barci? Sanin cewa da safe akwai wadda za ta yaye zane ta duba ƙugu da dugadugai da kafaɗu, in ta ga jan da ba ya washewa idan an danna da yatsa, wato farkon gyambon kwanciya, sai an yi mata bayani. Haka kabad ɗin fetidin da mofin, magungunan kashe zafi masu ƙarfi. Ana ƙirga su duk canjin aiki, mutum biyu, kowa ya sa hannu a littafi, makulli kuma yana jikin babbar da ke bakin aiki, ba a aljihun tebur ba. Ranar da aka gane shugaba ba ta damu ba, kwalba ɗaya za ta yi ƙafa, gobe biyu. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Malam, nas na ɗakin tiyata, Kawo: Allah ya ƙara girma, Hajiya. Abin da kika zayyana bibiya ce, kuma ba wanda ke jayayya da ita. Tsoro daban. Bari in nuna inda suka rabu. Likita ya rubuta insulin yunit 10, ya gajarta kalmar da harafin U, harafin ya fito kamar sifili, nas ta karanta 100 ta yi allura. Minti biyar sai gabanta ya faɗi, ta gane. In ta yi magana nan take, aikin a bayyane yake: a kira likita, a auna suga, a sa ruwan gulukos ta jijiya, a riƙa maimaita awo a kai a kai har ƙarfin maganin ya wuce. In kuwa abin da ta fara tunawa shi ne tsawar da za a yi mata gaban jama'a, shiru za ta yi tana addu'a. Sai a tarar da mara lafiya ya jiƙe da gumi, ba ya amsa kira, sugansa ya faɗi ƙasa da 3, a ɓata lokaci ana laluben dalili, wadda ta sani kuma tana tsaye a wurin. Tsoro bai hana kuskuren ba, labarinsa kawai ya hana fitowa.

A jihar Tenesi ta Amurka, a 2017, wata nas ta yi wa mara lafiya allurar maganin da ke sandarar da tsoka a maimakon na kwantar da hankali, matar ta rasu. Nas ɗin ta faɗi kuskurenta da bakinta, duk da haka kotu ta same ta da laifi a 2022. Abin da ƙungiyar nas-nas ta ƙasar ta yi gargaɗi a kai shi ne hukuncin zai sa wasu su daina faɗin nasu.

Ungozoma, Tudun Wada: Ni abin da ya fi damuna da tsoro shi ne takardar ƙarya. Mai jijjigar ciki ko haihuwa da aka ɗora a kan maganin magnesiyam salfet, bayan giram 4 ta jijiya da giram 10 a ɗuwawu, biyar kowane gefe, ana ci gaba da giram 5 duk awa huɗu. Kafin kowace allura sai an duba abu uku: numfashi bai gaza 16 a minti ba, gwiwa tana zabura idan an buga, fitsari ya kai mil 30 a awa, wato kusan 120 a awa huɗun. Ɗaya ya gaza, a dakatar, makarinsa kalsiyam gulukonet giram 1 kuma yana kusa. To ungozomar da ta san gurbin da ba a cike ba zai jawo mata wulaƙanci da safe, aiki kuma ya yi mata yawa, me za ta yi? Za ta zauna a kujera ta cike: numfashi 20, 20, 20, 20. Duk wadda ta san aiki in ta ga layi ya miƙe haka ta san ba a ƙirga ba. Gurbin da aka bari fayau ya fi wannan sau dubu, don aƙalla mai karɓar aiki ta san ba a duba ba, za ta je ta duba.

Ga kuma ƙaramar ma'aikaciyar da ke shakkar tashin babbarta daga barci. Mai haihuwa na zubar da jini, tana cewa bari in ƙara gani. Binciken E-MOTIVE da aka buga a 2023, wanda aka yi a asibitoci 80 na Najeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero na cikin jagororinsa, ya rage mummunar zubar jini da abin da ke biyo bayanta da kashi 60 cikin 100. Da me? Ledar shimfiɗa mai ma'auni da ke nuna yawan jinin, sannan da zarar an gano sai a haɗa komai lokaci guda: murza mahaifa, oksitosin mai tsuke mahaifa, taranezamik asid mai tsayar da jini, ƙarin ruwa, duba yagewa, kiran na gaba. Kiran na gaba yana cikin maganin kansa. Shugabar da ake fargabar kira ta cire wannan matakin da hannunta.

Hajiya: 'Yata, wadda ta cike takarda daga kujera ba tsorona ya sa ta ba, rashin tsoron Allah ne. Kuma da ta san ana ɗaukar takardar a je bakin gado a sake ƙirga numfashin a gabanta, da ba ta fara ba.

Malamin makarantar jinya, Barnawa: Da izinin Hajiya. Ina ganin an ɗora wa halin shugaba nauyin da ba nasa ba ne duka. Binciken Linda Aiken na 2002 a asibitoci 168 na jihar Fensilbeniya ya nuna duk mara lafiya ɗaya da aka ƙara wa nas, haɗarin mutuwar wanda aka yi wa tiyata cikin kwana 30 yana ƙaruwa da kashi 7 cikin 100. Jihar Kalifoniya ta sa doka: nas ɗaya ga mutum biyar a ɗakin gama-gari, ɗaya ga biyu a ɗakin kulawa ta musamman. Misalin Hajiya na nas biyu ga gado 30 ɗaya ga 15 ke nan. Ku yi lissafi. Awon zafin jiki da bugun zuciya da hawan jini da numfashi, da rubutawa, minti biyar ga mutum in komai na aiki. Mutum 15, minti 75, zagaye ɗaya. Ba a raba magani ba, ba a canza ledar ruwa ba, ba a karɓi sabon da aka kawo daga ɗakin gaggawa ba. Tsawa ba ta ƙara minti a cikin awa.

Shugabancin gaske a irin wannan ɗaki yana cikin jadawali. Kada a haɗa sababbi biyu a kwana ɗaya. A matso da mutum huɗu ko biyar da suka fi jin jiki kusa da teburin nas, a rubuta su waye za a auna duk awa, su waye duk awa huɗu, su waye sau biyu a yini, don kada nas ta riƙa yanke wannan hukuncin ita kaɗai da tsakar dare. Sannan shugaba ta rubuta wa na sama da ita ƙarancin ma'aikata da alƙaluma, ta ajiye kwafi. Da yawa sun iya zafi a kan na ƙasa, in sun shiga ofishin darakta sai murya ta mutu.

Hajiya: Malam, wannan ta ƙarshe na karɓa, kuma ta yi zafi. Amma ku bar ɓuya bayan ƙarancin ma'aikata. Wadda ta bar ɗaki ta tafi biki a Kabala ta dawo bayan awa uku, ƙarancin ma'aikata ne? Wanda ya karɓi kuɗi a hannun mai jinya kafin ya sa kanula, wato robar ƙarin ruwa ta jijiya? Wadda ta ɗauki hoton mara lafiya ta sa a WhatsApp? Waɗannan takardar tuhuma ce, in ta kama a kai gaban Hukumar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Ƙasa, wadda ke ba da lasisi, tana kuma da kotun ladabtarwa da za ta iya soke suna daga rajista. Idan ma'aikaci bai ji shakkar wannan ba, ku faɗa mini me zai ji.

Sista, ɗakin yara, Kakuri: Mama, ai a kan waɗannan ba mu da saɓani. Matsalar ita ce sanda ɗaya ake ɗauka ga laifi iri uku. Akwai tuntuɓe, wanda kowa zai iya yi. Akwai yanke hanya, inda mutum ya saba tsallake mataki don sauri, bai ga haɗarin ba. Akwai ganganci, irin wanda kika lissafa. Na ukun kaɗai ke son hukunci. Na biyu a zaunar da shi a nuna masa. Na farko kuwa tsarin ake tambaya.

Misali, atesunet ga yaro mai zazzaɓin cizon sauro mai tsanani. Miligiram 3 ga kowane kilo in bai kai kilo 20 ba, 2.4 in ya kai, a yi a farko, bayan awa 12, bayan awa 24. An yi ta farko ƙarfe biyun rana, ta biyu ta faɗo ƙarfe biyun dare, ba lokacin zagayen magani ba, sai ta wuce. In aka ba nas ɗin dare takardar tuhuma aka tsaya nan, wata mai zuwa wata nas za ta maimaita. Gyaran shi ne wadda ta yi allurar farko ta rubuta agogon sauran biyun ɓaro-ɓaro a takardar magani, a kuma faɗe shi a bakin gado wurin miƙa aiki. Shi ma miƙa aikin a yi masa tsari: me ke faruwa yanzu, me ya kawo shi, me na gani, me ya rage a yi da ƙarfe nawa. Ba "gado na shida lafiya lau" ba.

Malam na tiyata: Ƙari a kan na Sista, umarnin baki. Likita ya faɗi magani ta waya, nas ta rubuta, ta karanta masa suna da adadi da hanyar bayarwa, ya tabbatar, ya zo ya sa hannu. Nas da aka saba yi wa tsawa ba ta iya ce wa likita "maimaita", balle ta ce adadin nan ya yi yawa. Hausawa sun ce tsoro na daji, kunya na gida. Mu duka biyun muka tara a ɗaki ɗaya, ga kunyar babba ga tsoronsa.

Hajiya: To ku kira shi abin da kuka ga dama, kwarjini ko bibiya. Tsawa gaban mara lafiya ban taɓa cewa daidai ba ce, tana zubar da mutuncin farar rigar gaba ɗaya, a ja mutum ofis a rufe ƙofa. Littafin rahoton kuskure kuma na yarda a ajiye shi daban, kada ya shiga fayil ɗin ƙarin girma, wanda ya kawo kansa kafin a gano shi kada a tuhume shi. Amma in kuskure iri ɗaya ya fito daga hannu ɗaya sau uku, bayan an zaunar an nuna, ni takarda zan ba da.

Ungozoma: Sau uku cikin wane tsawon lokaci, Hajiya? Wata uku daban, shekara biyar daban. Kuma kafin a rubuta, a buɗe jadawali a ga ranakun ukun nan, mutum nawa ke hannunta kuma kwana na nawa take yi a jere.